Idon Rashida da Akwatin Jamus

Da sunan Allah nake farawa, da biron jikata nake rubutawa, tunda ita ta daina amfani da shi. Wanda ya ga karkata a rubutuna ya yi haƙuri. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, mahaifina ya zo ya ɗauke ni ya kai ni mahauta, ya ce saniya ba ta jin Faransanci. Tsohon mahauci ne ni a zangon Sokode. Wuƙa na ajiye, baki kuwa yana nan da kaifinsa.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne ciwon idon jikata Rashida, da yadda muka kusa raba ta da jami'a da hannunmu, muna murna muna cewa taimako muke yi. Duk mai yaro a makaranta ya karanta, ko ya sa a karanta masa.

Rashida 'yar ɗana na fari ce. Sunansa ba ya fita daga bakina, don haka a nan zan ce masa Mai Shago, tunda shagon kayan masarufi gare shi a bakin kasuwa. Uwarta Azara. Ita Rashida tun tana goye nake ce mata matata, kamar yadda kowane kaka yake tsokanar jikarsa, ita kuma da ta yi baki ta raɗa mini Ango Ba Haƙori. Tana shekara ta biyu a karatun shari'a abin ya fara.

Kafin mu ji ciwo, ƙorafi muka fara ji. Ta zo dogon hutu, sai matan unguwa suka riƙa zuwa wurin Azara ɗaya bayan ɗaya. Wai Rashida ta wuce su a bakin famfo ba gaisuwa. Wai ta wuce liman yana zaune a gefen hanya ko rusunawa ba ta yi ba. A garin nan ana yafe wa mutum abubuwa da dama, amma ban da wannan. Nan take aka yanke hukunci: boko ya shiga kanta. Ubanta ya yi mata faɗa har ta yi kuka, tana rantsuwa ba ta gan su ba. Ni ma na sa baki, na ce, "Matar nan, tun ba ki zama alƙali ba kin fara raina talakawa?" Ta yi dariyar dole, ta juya za ta fita, ta yi ƙwallo da butata da ke gefen ƙofa. Buta ce babba, ja, ko akuya ba ta taka ta. Na daina dariya.

Mako na gaba sai ciwon kai. Ta ce in ta kalli ƙwan lantarki sai ta ga bakan gizo ya kewaye shi. Nan likitocin gida suka buɗe asibitinsu a tsakar gidanmu. Wannan ta kawo kwallin Makka, waccan ta ce a ɗiga zuma, wata ta ce nonon mai jego ne maganinsa. Wani abokina ya taso takanas daga Sotubuwa da saiwa a leda. Ubanta ya saya mata tabarau a kasuwa, irin wanda ake gwadawa a tire. Allah ya saka musu, da zuciya ɗaya suka yi, wasu har da kwanon waake da wagashi, wato cuku. Amma makonnin da muka ɓata a hannunsu, ciwon bai zauna yana jiranmu ba.

Washegarin ranar da ta faɗa kwata da rana tsaka muka tafi asibiti. Mun isa bayan asuba, muka tarar da layi kamar ana rabon nama kyauta. Aka ce mu yanki kati, muka yanka. Aka ce ba wannan taga ba, waccan. Sai da azahar ta wuce muka ga likita. Ya ɗiga mata ruwa a ido, ya taɓa ƙwayar da wani ƙarfe, ya dubi abin da ya gani, ya sake aunawa. Tun da na ga ya sake, na san ba lafiya. Ni ma a mahauta, in na sake juya hanta, to ba alheri na gani ba.

Ya ce tansiyon ido ne, gilokom. Ruwan cikin ido ne yake matse jijiya, yana cin gani daga gefe yana shigowa tsakiya. Maganarsa ɗaya ta zauna mini har yau: "Abin da ya tafi ba ya dawowa. Aikinmu gadin abin da ya rage." Ya rubuta maganin ɗigawa safe da yamma, har iyakar rai. Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba, kuɗinta kuwa sai ka sayi cinyar rago, kuma duk wata sai an saya.

Ashe matan unguwa ba ta gan su ɗin ba. Ban ga wadda ta dawo neman gafara ba, wannan kuma ina rubuta shi don su karanta.

Aka koma jami'a ba da ita ba. Likita ya ba ta takarda ta zauna gida a ga yadda magani zai karɓe ta. Ƙawayenta suna turo mata darasi ta waya, jarrabawa kuma tana matsowa. In ba ta rubuta ba, shekarar ta tafi.

Azara tana da wa a Jamus, Muniru. Shi ne kawun Rashida, shi yake biya mata makaranta tun daga ƙasa. Da ya ji labari bai yi shawara da kowa ba. Ya shiga shago a can ya ce 'yarsa ba ta gani sosai, a ba shi na'urar karatu mafi kyau. Wani mai dawowa gida ya taho mana da ita. Ranar da aka buɗe akwatin, rabin zango ya shigo kallo. Allo ne kamar talabijin, da dogon wuya, da faranti a ƙasa. In ka sa littafi a kan farantin, harafi ɗaya sai ya zama kamar kan saniya. Wani yaro ya sa tururuwa, mata suka watse da ihu. Azara ta yi guɗa, ta ce wa ya ce ba ta da dangi.

Aka kira Muniru ta waya mai hoto, aka zaunar da Rashida a gaban allon. Ya ce, "'Yata, ya kika gan shi?" Ta ce, "Yana da kyau, Kawu. Na gode, Allah ya ƙara buɗi." Ya ce, "Ya idon?" Ta ce, "Da sauƙi."

Mai Shago ya jira aka kashe waya, sannan ya ce, a gabanta, "To, ga na Turawa ya zo. In wannan bai yi ba, babu abin da zai yi. Sai ta haƙura ta zauna kusa da uwarta. Ba zan bar 'yata tana lalube a garin mutane ba." Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma maganar ta kulle bakin yarinyar.

Daga ranar, kullum tana gaban akwatin daga safe har la'asar. Duk wanda ya leƙa ya ce ya karatu, ta ce alhamdu lillahi. Tana ramewa, aka ce ƙoƙari ne. Sau biyu na ji tana amai a bayan gida, aka ce maganin ne. Ni dai abin da na lura, ɗakinta yana jikin nawa, kuma ban cika jin ƙarar juya shafi ba.

Wata ranar kasuwa gida ya yi tsit, na shiga na same ta ta dafe kai. Na ce, "Matar nan, tun da kika samu talabijin ɗin Jamus kin daina kallona. In saki kike so ki faɗa."

Ta ce, "Ango, ko kai ɗin ma ba duka nake ganinka ba. Hanci nake gani, sai na matsa in ga kunne."

Na ce, "Ai hancin shi ne abin kallo."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kawo hannunka." Ta naɗe mini yatsu kamar mai riƙe da muciya, ta bar 'yar kafa a tsakiya, ta ɗora mini a ido, ta rufe mini ɗayan da tafinta. Ta ce, "Karanta mini allon."

Na leƙa. Wani baƙin lanƙwasa na gani, ban san ko ƙafar harafi ce ko bayansa ba. Na matsa da kai, na ga wani guntu. Kafin in kai ƙarshen kalma na manta farkonta, kaina ya fara juyawa.

Ta ce, "Haka nake gani. Ƙaramin rubutu ma ya fi mini, yana shiga kafar. Wannan kuwa yana ƙara girman abu, ni kuma tagata ce ta ƙanƙance. Shafi ɗaya nake yini a kai."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "In faɗa wa wa? Inna wanta ne, ka ga guɗar da ta yi. Baba surukinsa ne, kuma ka ji abin da ya ce. Kawu ya sha sanyi ya saya mini, in ce masa ba shi da amfani? Kai kaɗai ne ba na jin kunyarka, don kai ba mutum ba ne, miji ne."

Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Na fita da magana a ciki kamar na haɗiye ƙashi.

Likita ya riga ya ce akwai awon faɗin gani da ya kamata a yi mata, ko a Lome ko a Dapaong. Ana ta jan ƙafa, tunda akwati ya zo an ɗauka magana ta ƙare. Na tashi na ce ni zan kai ta Dapaong, can ƙanwata Hajiya Azumi take aure, ba kuɗin masauki. Muka shiga motar haya aka matse mu kamar kifin gwangwani. Da muka ratsa garin da jami'arta take, ɗalibai suna tsallaka titi da jakunkuna, ta sunkuyar da kai har muka fita. Zafin garin Mango ya gasa mu, muka wuce Bombuwaka da yamma, muka isa a gajiye.

Awon nan ba na so in sake kallonsa. Aka sa kanta a wani abu kamar ƙwarya, aka ba ta maɓalli, aka ce duk lokacin da ta ga ɗigon haske ta danna. Ina zaune a baya, ina hango hasken yana kewayawa, hannunta kuwa shiru. Sai can ta danna, sai kuma shiru. Na so in ce mata ga shi can, danna. Takardar da ta fito baƙa ce kusan duka, da ɗan fari a tsakiya.

Likitar, mace ce, ta ce na hagu ya kusa rufewa, na dama ne yake da 'yar taga. Na ba ta labarin akwatin. Ta ce, "Na'ura ce mai kyau, amma ga mai wani irin ciwon. Wa ya gwada ta da ita kafin a saya?" Na ce babu kowa. Ta ce, "Ku zaɓi abin da zai yi mata aiki ko da tagar ta rufe." Rashida ta damƙe hannun rigata. Likitar ta kwatanta mana wurin wani malami, Mushe Lare.

Mushe Lare Bamobe ne, ɗan ƙabilar yankin can, ya makance tun yana saurayi, kuma a haka ya gama jami'a. Yana koyar da masu lalurar ido a wani ɗaki mai teburi dogo. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk shi ne a bakinsa. Na fara zuba bayani, ya ɗaga hannu ya ce, "Tsoho, kai ne za ka yi ekzame?" Na ce a'a, jarrabawar ba tawa ba ce. Ya ce, "To bari yarinya shi yi magana."

Ya tambaye ta abin da babu wanda ya taɓa tambayarta a cikinmu. Me take karantawa, takarda ake ba su ko ta waya ake turowa, ana ɗauke wuta a inda take kwana, a jarrabawa rubutu mai tsawo ake yi ko gajere. Sannan ya baje mata kayan teburin ya ce ta taɓa kowanne. Gilashin hannu, ta ajiye. Allon rubutun makafi mai ɗigo-ɗigo, ya ce wannan za ta koya, amma ba zai kai ta jarrabawar bana ba. Ya nuna mata yadda wayarta ta hannu, wadda take tare da ita tun farko, za ta ɗauki hoton shafi ta karanta mata da murya. Daga ƙarshe ya zaunar da ita gaban ordinata, kwamfuta irin ta kowa, sai dai an sa mata abin da yake faɗin duk abin da ke kan allo da duk harafin da aka danna.

Ya kunna. Wata murya ta fito tana zuba Faransanci kamar mai gwanjo. Rashida ta cire abin kunnen ta ce, "Ba zan iya ba." Ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi, sannan ya rage gudun muryar ya ce, "Ni ma haka na yi. Sake." Kwanakin da muka yi a Dapaong kullum muna can. Ni ina gyangyaɗi a benci, ita tana faɗa da muryar. Ran da za mu taho ta saurari darasi guda ta rubuta amsarsa ba ta kalli allo ba.

Mushe Lare ya ce abin da ke sa muryar kyauta ne, ordinatar ce sai an saya, ko ta hannu ce ta isa. Kuma sai ta kai takardar likita jami'a da wuri, don a shirya mata rubuta jarrabawa da ita. Na ce masa ni zan san yadda zan lallaɓa gida. Ya ce, "Lallaɓa. Amma in yarinya bai iya faɗa wa kawu abin da yake buƙata, yaya zai faɗa wa malaman jami'a?"

Muniru ranar Juma'a yake kira, bayan an sauko. Muka taru a tsakar gida, Azara tana riƙe da waya, Mai Shago yana zaune a kujera, Rashida a tabarma. Ni na kwana ina shirya dabara. Suruki ba ya kushe kyautar suruki, 'ya ba ta kushe ta kawu, amma kaka yana da lasisin hauka. Na gyara murya na ce, "Muniru, ƙara na kawo. Da izinin wa ka aiko wa matata kaya? Ni mijinta ina raye. Ban yarda da akwatin nan ba, kishi nake yi, a fitar mini da shi daga gida."

Ya tuntsire da dariya ya ce, "Baaba, a yi haƙuri, zan aiko maka da naka." Kowa ya dara. Na ga dabarata tana tafiya a wasa, wasa kuma ba ya sayen ordinata. Na buɗe baki zan ƙara, sai na ji muryarta.

"Kawu, ba kishi ba ne. Ba na iya karatu da shi. Tun ranar farko. Na ce yana da kyau ne don kunya."

Azara ta rufe baki da hannu, wayar ta karkace. Mai Shago ya miƙe ya ce, "Tashi ki shiga ɗaki." Ta yunƙura. Daga cikin wayar Muniru ya ce, "Bar ta." Ta koma ta zauna. Sannan Muniru ya ce, "Rashida, me kike gani?"

Ta gaya masa. Ta naɗe hannu ta nuna masa kafar. Ta faɗi abin da likitar Dapaong ta ce, har da maganar rufewar taga, wadda uwarta ba ta ji ba sai a lokacin. Muniru ya cire hula ya shafa kai. Ya ce, "Mai shagon can na tambaya, ke ban tambaye ki ba. Me ake buƙata?"

Mai Shago ya ce, "Babu abin da ake buƙata. Na riga na faɗa. In na Jamus bai yi ba, gida za ta zauna."

Rashida ta ce, "Baba, ɗauko littafina ka buɗe inda kake so." Bai so ba, amma idon surukinsa yana kansa. Ya ɗauko mafi kauri, ya buɗe can tsakiya. Ta lalubi gefen shafin, ta ɗaga waya ta ɗauka. Hoton farko bai yi ba. Na biyu ma haka. Azara ta fara salati ƙasa-ƙasa. Na uku, muryar ta fito. Rashida ta saurara har ƙarshe, ta rufe ido, ta mayar mana da shi da Hausa, magana ce kan rabon gona tsakanin magada. Mai Shago ya tsaya da littafin a hannu. Ya ce, "Sake wani shafin." Ta sake. Ya ajiye littafin ya fita. Da ya dawo da yamma, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaushe ake rufe karɓar takardar likitan a jami'a?"

Muniru ya turo aka sayi ordinata ta hannu. Akwatin kuwa ya ce a kai wa Mushe Lare, akwai ɗaliban da zai yi wa amfani. An kai takarda ana gab da rufewa. Ta rubuta jarrabawa a ɗaki daban da abin kunne. Ba ta ci duka ba, darasi ɗaya ya kayar da ita sai a zagaye na biyu ta haye. Idon hagu ya tafi a cikin watannin nan. Na dama muna gadinsa safe da yamma. Azara ta fi kuka ranar da aka kawo farar sanda fiye da ranar asibiti, har yanzu ba ta son ganinta a jingine.

Ina gode wa likitocin biyu, da Hajiya Azumi da ta ciyar da mu, da Mushe Lare da ya rufe mini baki, da Muniru da ya haɗiye abin da ba kowa zai haɗiye ba. Ƙorafina kan layin asibiti da tsadar kwalba yana nan ban janye ba. Ku kuma masu karatu, in yaro ya fara tuntuɓe ko ya daina ganin na gefensa, a auna tansiyon ido kafin a auna tarbiyyarsa. Kada ku sayi na'ura sai mai idon ya gwada ta da kansa. In kun tambaye shi ya ce da kyau, ku nemo wanda ba ya jin kunyarsa ya sake tambaya.

Da aka buɗe sabuwar shekara muka raka ta tasha. Ubanta ya yi ta jaddada wa direba inda zai sauke ta har direban ya gaji. Ta zauna kusa da taga, ordinata a cinya, sanda a naɗe. Na matso na kafa fuskata a tagar don ta gan ni da kyau.

Ta ce, "Ango, ja da baya."

Na ce, "Tun yanzu an fara korata?"

Ta ce, "Ja dai. Ƙara. Ƙara kaɗan."

Na yi ta ja har na kusa hawa tiren mai lemo. Ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan. Yanzu ka shiga duka, daga hula har takalmi." Ta daɗe tana kallona. Direba ya tayar da mota.

Ta ce, "Kada ka motsa sai mun fita."

Ban motsa ba.